Tunau da Tsanin Waƙar Shamuwa

Magabata sun ce ilmi ɗan sarauta ne, ba ya zuwa gidan kowa, sai dai a je masa da ƙafa. Abin da ba su faɗa ba shi ne irin abin da ƙafar take takawa a hanya.

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota haƙuri. Ni ne Tunau ɗan Jigo, jikan Arzika mai kotso, mutumin birnin Sankwala da ke bayan tafkunan gishiri bakwai, a ƙasar da duwatsu suka yi tsawon da rana ba ta leƙo mu sai sauran duniya ta gama karin kumallo. Na yi yawo, na ga abin mamaki, na haɗiyi abin da ba a haɗiya, na kuma dawo da abin da na je nema. Ba na ba kowa shawarar ya bi sawuna.

A Sankwala muna da al'ada. In bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda kare yake ƙyale baƙo ya wuce, sai gari ya taru a gindin babban rimi, mawaƙin gidanmu ya hau dandamalin da aka kafa cikin rassansa, ya rera waƙar kiran shamuwa. Mutanenmu sun haƙiƙance in ba a kira ta ba ba za ta zo ba, in kuwa ba ta zo ba babu damina. Tun ina saurayi na lura shamuwa tana sauka a ƙauyukan da ba su da ko mai busa sarewa. Na kuma lura ba a cika wa mai irin wannan lura akushi a gidan biki, sai na bar ta a cikina.

Waƙar ba ta da wuya sai a ƙarshenta. Can akwai wurin da ake kira Tsani, inda murya take hawa mataki bakwai, kowanne ya fi na bayansa siranta, har ta kai inda za ka rantse ba daga bakin ɗan Adam take fitowa ba. Ƙa'idar kuma a fili take. Sai jinin gidanmu ne zai hau. In murya ta karye shekara ɗaya, a yi afuwa. In ta karye shekara biyu a jere, kotson gidanmu da waƙar duka su koma gidan Barmo.

Barmo makaɗi ne na unguwar yamma, mutum ne da in ya gama cin nama yake goge maiƙon hannunsa a fatar gangarsa, ya ce yana ciyar da ita. Kotson namu kuwa kakanni goma sha ɗaya suka rataya shi.

Shekara talatin da ɗaya yayata Lantana tana hawa Tsani ba ta taɓa tuntuɓe ba. A ta talatin da biyu, a mataki na biyar, muryar ta tsage kamar ƙwaryar da ta daɗe a rana. Ta sauko daga rimi ba ta dubi kowa ba. Da muka isa gida ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "Tunau, kai ka rage."

Ni kuwa mawaƙin mahauta ne da 'yan dambe. Allah ya ba ni murya irin wadda in na yi gyaranta a zaure, kaji suke watsewa a bayan gida. Na ce, "Haba Yaya, kin taɓa jin bijimi ya yi kukan kanari?"

Ta ce, "Ban taɓa ji ba. Amma na ga inda ake kai bijimin da ba ya aikin komai. Murya biyu ce a jikin kowa, ta ƙirji da ta ka. Ni da tawa ta ka aka haife ni, ban san hanyar da ake bi a same ta ba, balle in nuna maka. Tashi ka nemo. In na ga yatsun Barmo a kan kotson Baba, ka fara haƙa mini kabari."

Na san ba mutuwa za ta yi ba. Na kuma san za ta rayu ta riƙa faɗa mini kullum, wanda ya fi muni. Na ɗauki gora da sanda na fita.

Bayan kwana arba'in ina tafiya, na tsallake tafkunan gishiri, na ratsa dajin da itatuwansa suke juya wa matafiyi baya, na iso Birnin Santsi, inda aka ce kasuwar murya take. Birnin yana cikin wani rami mai kama da ƙatuwar tasa. Shigarsa ba wahala. Na sa ƙafa a bakin gangaren, kafin in ce bisimilla na tsinci kaina a tsakiyar kasuwa a kan ɗuwawuna.

Babban masanin wurin shi ne Boka Gwadabe. Ba ya magana sai da raɗa, wai yana adana muryarsa ne, don in ya sake ta gaba ɗaya tsuntsaye za su faɗo daga sama don kunya. Ya duba maƙogwarona kamar mai sayen akuya, ya raɗa mini cewa, "Murya guga ce, maƙogwaro rijiya. Taka tana maƙalewa ne don bangon ya bushe. Sai an sa masa santsi ta zame ta yi sama."

Na ce, "Allah gafarta boka, a garinmu abin da ya zame ƙasa yake yi."

Ya raɗa, "Shi ya sa kuka zo garinmu."

Ya karɓi babbar rigata ya sa ni cikin almajiransa, mu wajen sittin. Da safe ɗanyen ƙwan zabo bakwai, a fasa a baki. Da rana yauƙin kuɓewa da aka jiƙa kwana uku, babu gishiri, don gishiri wai yana kartar murya. Da la'asar kuma abin da suke alfahari da shi, majinar dodon koɗi da aka dama da kitsen damo, a sha da ɗumi. Zan taƙaita bayaninta saboda wataƙila wani yana cin abinci. Abu ne da in ka haɗiye farkonsa, ƙarshensa yana nan a ƙwarya yana jiran ka, kuma ba su rabu ba.

Kwana goma sha biyu na yi ina wannan ibada. Muryata tana nan inda na baro ta, sai dai ta sami abokiyar zama, wata gyatsa mai tsawon zango. Na tambayi na kusa da ni, wani dattijo mai sheƙi kamar an shafe shi da man shanu, yaushe ya zo. Ya ce shekara tara. Na ce ya muryar? Ya ce, "Ana dab." Na ce me ya hana shi tafiya? Ya nuna mini gangaren. Ashe duk abin da almajirai suka kasa riƙewa a ciki, can ake zubarwa, shekara da shekaru. Santsin da ya shigo da ni ke nan. Na tuna a kan ɗuwawuna na shigo.

Kafin in tafi na so in ji muryar da ake adanawa. Washegari boka yana zagayen duba ƙore, na taka masa ɗan yatsan ƙafa da dugadugina, da dukkan nauyin da mahautan Sankwala suka tara mini. Ya saki murya. Babu tsuntsun da ya faɗo. Kwaɗin kududdufin bayan gida dai sun amsa masa, cikin girmamawa.

A cikin hayaniyar na shiga madafa na cika buhu da toka. Na riƙa watsa ta a gabana ina takawa, damƙi ɗaya taki ɗaya, har na fita daga tasar. Na waiwaya na ga na bar musu hanya fara tas tun daga kasuwa har baki. Mutum biyu suka biyo ni. Sauran suka koma, don lokacin dodon koɗi ya yi.

Daga nan na nufi arewa wata guda, na iso Birnin Tangaran. Wannan birni, ganuwarsa da gidajensa da rumfunan kasuwarsa duk da tangaran aka gina su, fari fat, sirara har kana hango inuwar mutum yana tsefe gemu a cikin ɗakinsa. A ƙofa na tarar da mai gadi, ƙato kamar rumbu, gemunsa har cibiya, da mashi a hannu. Ya buɗe baki, sai na ji sauro ya ce, "Tsaya! Wane ne?"

Na duba bayansa in ga mai maganar. Ya sake cewa, a siririn nan, "Kai nake tambaya, baƙo. Kuma kada ka amsa da wannan ƙirjin naka. Ɗaga hannu kawai."

Ya bayyana mini dokar garin. Kakkaurar murya tana tsaga bango, saboda haka kowane namiji da muryar aro yake magana, irin wadda mutum yake yi in yana kwaikwayon matarsa a bayan idonta. Alƙali da ita yake yanke hukunci, mahauci da ita yake ciniki, maza biyu in suna faɗa sai ka ce 'yan tsaki ne aka hana tsaba.

Raina ya yi fari. Na ce ga abin da nake nema har an mai da shi doka. Kwana uku na koye ta, don ba wuya gare ta. Ka saki ƙirji gaba ɗaya, ka bar iska ta bi ta gefen maƙogwaro kawai. Na hau mataki bakwai na Tsani a cikin ɗakin da na sauka, na kusa yi wa kaina kirari.

Abu biyu suka dame ni. Na ɗaya, muryar duk iska ce, ba ta da ƙashi. Wanda yake taki goma daga gare ni ba ya ji, balle taron da ke gindin rimi, balle shamuwar da ake cewa tana wata ƙasa. Na biyu, waƙarmu daga ƙirji take farawa. Tsakanin muryar ƙirjin da ta aron kuwa akwai rami, duk lokacin da na zo tsallakewa sai in faɗa, da wata ƙara irin ta jakin da ya tuna da wani abu.

Labari ya kai wa Magajin garin cewa mawaƙi ya zo, ya sa aka kira ni fada. Na tsaya a ƙarƙashin ƙubbar da suka fi ji da ita, na fara daga sama a hankali. Magaji ya yi tsuwa daga kan gadonsa, "Ɗaga mana, ba ma ji!" Na ƙara ƙarfi. Muryar aro ba ta ɗaukar ƙarfi. Ta ɓalle ta faɗo ƙirji gaba ɗaya, kamar an saki turmi daga soro. Ƙubba ta ce ƙas, tsaga ta bi ta tun daga tsakiya har ƙasa.

Hukuncin mai tsaga bango shi ne ɗinke bango, shekara bakwai. Yadda suke ɗinkewa kuwa, fursunoni su zauna a da'ira suna tauna ƙaro, kowa ya tofa a kasko ɗaya, in ya cika a kwaɓa da hannu a liƙe tsaga. Sabon zuwa shi ne mai kwaɓi. Kaskon yana da ɗumi. Wannan kaɗai zan faɗa.

Na kwaɓa na yini biyu. A na uku na dubi bangon kurkukun, na ga shi ma tangaran ne. Na dubi abokan zamana, maza ashirin masu ƙirji kamar ganga, na ce musu, "Jama'a, ba wanda ya taɓa tunanin yin tari a nan?" Suka dube ni a tsorace. Wani ya ce, a siririn, haramun ne. Sun daɗe da aro har sun manta suna da tasu. Na miƙe, na yi gyaran murya guda, irin na zauren gidanmu. Na fita ta inda bangon yake a dā.

Na bi wani rafi da ke gangarawa daga birnin, ina gudu ina goge hannu a ciyawa. Da azahar na fara jin wari. Kafin la'asar warin ya zama abin da ake iya jingina da shi. Ina shirin juyawa sai na ji murya.

Ban taɓa jin irinta ba, har a bakin Yaya Lantana. Siririya ce amma cikakkiya, tana tafe a kan kwarin kamar an ja zaren azurfa daga wannan dutse zuwa wancan, ba rawa, ba iska. Na tsaya in ji baitin da aka ɗora wa wannan baiwa. Abin da take cewa shi ne, "A ƙaro kashin tantabaraaa!"

Kwarin Majema ke nan, inda ake jeme fatun ƙasashe bakwai. Ramuka ɗari uku, wasu na toka, wasu na bagaruwa, wasu na kashin tsuntsaye da ake jiƙa fata a ciki don ta yi laushi. Mai muryar wani tsoho ne gajere mai faɗin ƙirji, Baba Cindo, shugaban majeman. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da murya mai kauri kamar tawa.

Na ce, "Baba, ilmin murya na zo nema."

Ya ce, "Ilmin me? Mu nan jima muke yi. Kwarin ne da faɗi, in ba ka yi kira ta sama ba, na can ƙarshe ba ya ji. Kana son aiki, ga rami. Ba ka so, ga hanya."

Na tuɓe na shiga. Aikina tattaka fata. Mako guda ina yi ina gwada kiran nasu, ina dage wuya, jijiyoyi suna tashi, fuska tana kumbura. Baba Cindo yana wucewa yana girgiza kai. "Ɗan nan, kana tura murya kamar jaki a hawan dutse. Wa ya ce maka tura ta ake yi?"

Akwai wani rami a tsakiyar kwarin da suke kira Kaka, don ba wanda ya san shekarar da aka kwashe shi. Ran nan ina ɗauke da fatu a ka na bi ta bakinsa, ƙafa ta zame, na nutse har haɓa. Wani abu mai laushi ya taso daga ƙasa ya taɓa mini leɓe.

Ban yi niyyar komai ba. Bakina ya buɗe da kansa, can cikin ganɗata ta ɗaga don ta toshe hanyar hanci, haɓata ta saki, wata ƙara ta fita ta tsakanin idanuna, doguwa, siririya, tsab. Kwarin duka ya tsaya. Wani daga can ƙarshe ya amsa, "Ana kawowa!"

Baba Cindo ya tsuguna a bakin ramin, bai miƙo mini hannu ba. Ya ce, "To, ga ta nan. Kada ka fito tukuna. Ina ka ji ta?"

Na ce, "Baba, don Allah."

"Ina ka ji ta?"

"A goshi."

"Wuyanka fa?"

"Ban ji shi ba."

"Madalla. Mu nan ba mai shaƙa ta hanci, kowa bayan bakinsa a ɗage yake kamar mai shirin hamma. Ba mai cika ƙirji da iska kuma, don ba iskar marmari ba ce. Ka ga hanya ta buɗe, kaya ba nauyi. Sake yi."

Na sake yi sau uku kafin ya yarda a jawo ni.

Samun ta da gangan shi ya ci wata shida. Ya hana ni hawa daga ƙasa. Ya ce in fara daga can sama, a hankali kamar mai lallashin jariri, in zamo ƙasa sannu sannu har in shiga ƙirji ba a ji inda na shiga ba. Ya sa ni gunji da baki a rufe har goshina ya riƙa ƙaiƙayi. In na ɗaga murya ya jefe ni da jiƙaƙƙiyar fata. "Ƙarama tukuna! Wadda ba ta tsaya da ƙafarta tana ƙarama ba, in ta girma faɗuwa za ta yi." Ramin nan da nake faɗawa tsakanin muryoyin biyu, shi mashigi yake ce masa. "Kogi ne, ɗan nan. Wawa yake zuwa mashigi ya ƙara kaya. In ka zo, rage. Ka haye da kaɗan, a can gaba ka ƙara." In na ji kaushi a wuya kuma ya sa ni yin shiru yini guda, ya ba ni ruwan ɗumi zalla. Bayan Birnin Santsi, na kusa yin kuka da na ga ruwan da ba ya jan zare.

A wata na shida na rera waƙar shamuwa tun daga farko har matakin bakwai, ina tsaye a cikin rami, ba a ji ɗinki ba. Na hau tudu da murna in sake ta a iska mai daɗi. Na shaƙa, hancina ya buɗe, wuyana ya tuna tsohon halinsa. A mataki na huɗu jakin nan ya dawo. Na koma kwari, ta fito. Na hau tudu, ta ƙi. Sau tara.

Baba Cindo ya ce, "Jikinka ya iya, kanka ne bai yarda ba. Ka ƙara shekara."

Na nuna masa gabas, inda gajimare ya fara haɗa kai. Ya yi tsaki, ya sa ƙugiya a cikin Kaka ya jawo wani yanki na fata da ba a san dabbar da ta bar shi ba, ya cusa a gorata ya liƙe bakin da kakin zuma. "Kada ka buɗe a cikin mutane," in ji shi. "Mutanen waje ba su da juriya."

Na iso Sankwala ranar taron da hantsi. Yaya Lantana ta tarye ni a ƙofar gida, ta buɗe hannu za ta rungume ni, ta fasa. "Me ka zo da shi?"

Na ce, "Ilmi."

Ta ce, "A hanya ya rasu?"

A gindin rimi gari ya cika. Dattawa bakwai masu hukunci suna zaune a kan buzaye, babbansu Sarkin Noma Ɗanbaba a tsakiya, kotson gidanmu a gabansu. Barmo ya zo da sabon maratayi da ya sa aka ɗinka, yana cin tsire. "A'a, bijimin gidan Jigo! An ce ka je koyon kukan tsuntsu. Ka hau a hankali, kada reshen ya riga muryar karyewa." Yana magana yana kallon fatar kotson, yana murza yatsunsa.

Na hau. Da na kai dandamali na juya wa jama'a baya, na fasa kakin, na ɗaura abin a ƙarƙashin rawanina, daidai haɓa. Idanuna suka kawo ruwa. Daga baya aka ce an ga hawayen tsoron Allah a fuskata.

Na fara daga ƙirji, inda nake da gida. Baitoci suka wuce. Na zo Tsani. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu na ji tsohon halin yana cewa tura, tura. Na ja numfashi kaɗan, Kaka ta gaishe ni, ganɗata ta yi sama da kanta. Na rage kaya. Na haye. Biyar, inda Yaya ta faɗi. Shida. A na bakwai muryar ta bar ni ta tafi, na riƙe ta har na ji duwatsu suna maido mini da ita.

Na yi shiru, gari ya yi shiru. Sai aka ji fukafukai. Wata mata ta rangaɗa guɗa, jama'a suka ɗauka, "Shamuwa! Shamuwa!" Inuwoyi suka kewaye rimin, suka yi ƙasa, suka sauka a rassan da ke kewaye da ni ɗaya bayan ɗaya, suna miƙo wuya wajen rawanina da fatan alheri. Ungulu ashirin da uku.

Guɗar ta mutu a tsakiya. Barmo ya yi tsalle, tsinken tsire a hannu. "Allah ya ba ku nasara, kun gani! An yi mana ungulu da kan zabo, ko kan zabon ma babu! Wannan kiran mushe ne, ba kiran damina ba!"

Dattawa suka haɗa kai. Ni ina sama, wata tana gwada bakinta a kunnena. Can Sarkin Noma ya ɗaga sanda. "Barmo, muryar ta karye?"

"Ba ta karye ba, amma..."

"Ƙa'ida murya ta ce. Ban da haka, ni shekara saba'in ina zama a nan. Lantana ta yi kira shekara talatin da ɗaya, ubanta ya yi kafin ita, ban taɓa ganin ko 'yar tsuntsuwar tsada ta amsa a ranar ba, sai bayan mako. Wannan ya kira, kafin ya rufe baki an amsa masa. Tsuntsu dai tsuntsu ne. Lantana, ɗauki kotsonku."

Ta ɗauka ta rungume shi. Ni ta ce in bi ta rafi kafin in shigo gida. Shamuwa ta zo bayan kwana tara, rana ɗaya da ta sauka a ƙauyukan maƙwabta.

Shekara goma sha shida ke nan. Baba Cindo ya yi gaskiya, kaina ya yarda daga baya. Tun shekara ta biyu nake hawa Tsani a ko'ina, a iska mai daɗi, ko da furen lemo a hanci. Na so in binne gorar. Amma a shekarar da na hau ba tare da ita ba, na yi waƙar da ban taɓa yin mai kyanta ba, reshe ya zauna wayam, dattawa suka rubuta mini karyewa ɗaya. Saboda haka duk bazara nake aika wa Kwarin Majema goro, su aiko mini da sabon yanki.

Bara ungulu goma sha huɗu kawai suka sauka. An ce muryata ta fara tsufa.